Ranar Da Na Biya Alhaji Mai Hatsi Kuɗinsa Duka

Shekaru sun ja, kuma mai yiwuwa wasu abubuwan sun gauraye mini, musamman wanne ya riga wanne. Amma gundarin labarin yana nan daram. A lokacin ban daɗe da gama jami'a a Yamai ba, aka turo ni koyarwa a garinmu, Matameye. Ni mutum ne mai tsoron bashi, idan ana bi na ko kuɗin goro ne sai abinci ya ƙi shiga. Yayana yana ci-rani a Kano, don haka Inna da matarsa da 'ya'yansa duk suna hannuna.

Shekarar ce sojoji suka karɓi mulki, daminar da ta wuce kuma ba ta yi ba. Rumbunmu ya ƙare tun kafin zafi ya kankama. Na sami kaina da bashi a wuri uku. Akwai na katin banki. Akwai dekuber, wato banki ya bar ka ka ci albashin da bai shigo ba, ya ɗora ruwa a kai. Sai na wani Alhaji mai sayar da hatsi, wanda tun zamanin mahaifinmu gidanmu ke ɗauka a wurinsa, a biya a hankali.

Da na je Damagaram, ma'aikacin banki ya ba ni shawarar a haɗa basussukan su zama rance ɗaya, a riƙa cirewa daga albashi kowane wata. Na yi lissafi har na gaji, na ga ruwan ya fi sauƙi, kuma har yau ina ganin lissafin daidai ne. Sai na ce a ƙara da abin da Alhaji ke bin mu, in huta gaba ɗaya.

Ran kasuwa na je rumfarsa, cike da mutane, na miƙa masa kuɗin a ambulan, na roƙe shi ya faɗa a gaban jama'a cewa babu sauran komai tsakaninmu. Ya dube ni ya tambaya ko an yi mini canjin wurin aiki ne. Na ce a'a. Ya tambaya ko yaransa sun tauye mana awo. Na ce a'a. Sai ya ce mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa biyansa tas ba, kullum yakan bar kuɗin tiya ɗaya ko biyu, don a san gobe ma za a dawo. Ya zaro 'yan kuɗi daga ambulan ɗin ya turo mini, na mayar masa, na ce barci nake so in samu. Ya yi dariya ya ce wa na kusa da shi su shaida, Mushe, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a wurinmu, ya yi sabon uba a Damagaram, mai na'urar sanyaya ɗaki. Aka kwashe da dariya, har da ni.

Kafin ruwan farko ya sauka, hatsi ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Albashina kuwa ana yanke shi tun bai iso hannuna ba. Yaya ya aiko cewa aiki ya yi wuya, ɗan abin da ya turo kuma da aka canza shi zuwa sefa bai kai ko'ina ba. Na koma banki na roƙi a ɗaga mini wata ɗaya, aka ce na'ura ke cirewa, ba mai iya hana ta. Na je wurin Alhaji. Bai wulaƙanta ni ba, har shayi ya sa aka ba ni. Amma ya ce buhunan da suka rage na gidajen da yake ɗauke da su ne, ni kuwa da bakina na sauke kaina a tsakiyar kasuwa. Idan da kuɗi a hannu, bismillah.

A gida matar Yaya ta fara haɗa tuwo da dusa, tana cika tukunya da ganye. Da ta ce za ta kwashe yara zuwa Yauri, nan kusa da mu, wurin iyayenta, inda na san abin ya fi namu muni, sai na gaya wa Inna abin da na yi. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki mayafi ta ce in wuce gaba.

A rumfar, ta gaishe shi ta ce ta kawo masa ɗansa, karatu ya yi masa yawa, ya yi haƙuri. Alhaji ya ce a auna mana rabin buhu, da sharaɗin kada in sake kawo masa kuɗi cikakke. Ya ce ranar da ya hango ni da ambulan, bayan buhunan hatsi zai ɓuya. Da wannan rabin buhun da na bayansa muka kai sabon hatsi, yaran ba su je ko'ina ba.

Ga masu albashi irina, ina ganin haɗa bashin kati da dekuber wuri ɗaya abu ne mai kyau, idan ka tabbata abin da zai rage zai ciyar da gida a mummunar shekara, ba a mai kyau kaɗai ba. Amma kada ka kwashi bashin mutumin da ya san mahaifinka ka kai wa banki. Alhaji zai iya jiran girbi, na'ura ba ta san an yi fari ba.

Akwai waɗanda ke zaune a rumfar nan ranar da na kai ambulan. Idan na rage wani abu, ko na sa wa Alhaji maganar da ba tasa ba, ina roƙonsu su rubuto wa wannan mujalla su gyara mini.