Ranar da Jita Ta Kira Sarkin Noma

Ko zan manta da komai na samartaka, ba zan manta da wunin bikin abokina a Gwaram ba. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kusan kowane malamin makaranta a Birnin Kudu ya sayi babur ko rediyo. Ni kuwa da yake ba na rasa rigima, sai na tafi Kano na dawo rungume da jita.

Ban iya rubutun kiɗa irin na Turawa ba, sai na ƙirƙiro nawa. Na sami littafi mai kauri, in ja layi shida a madadin tsirkiyoyin, in ɗiga tawada inda yatsa zai danna. Na raba shi gida uku: kiɗan buɗe waƙa, kiɗan riƙe ta, sai 'yan gajeru da nake cusawa idan na tsaya shan iska. Waɗannan gajerun na fi ƙauna, kuma tsintarsu nake yi ko'ina. Luguden mata, kalangun mahauta, duk abin da kunnena ya kama sai ya hau tsirkiya. Akwai wani da na tsinto a ƙauyen Kwandiko wurin gayya, daga gangar wani tsohon makaɗi. Ya yi mini daɗi, na ajiye shi a gidan gajeru, ban tambayi kowa komai ba.

Abokin nan tare muke koyarwa, shi ya nace in yi wasa a ƙofar gidan surukansa. Dangin amarya manoma ne gaba da baya, ba su so ba. Baffanta ma cewa ya yi jita kayan otal ce. Ango ya yi ta roƙo, har ya ce in an ga abin da bai dace ba a ɗora a wuyansa. Ka ga ke nan mutuncinsa a gidan surukai yana kan yatsuna, kuma gaskiya tsoro ya kama ni.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi. Waƙar farko ta wuce lafiya, yara na tafi, kaina ya fara kumbura. A ta biyu, da na zo shan iska, sai na jefa wancan na Kwandiko. Dattawa suka dubi juna, tafi ya mutu, ango ya sunkuyar da kai. Can sai ga kakar amarya ta fito daga zaure tana dogara sanda.

"Ɗan nan, wa ya ba ka wannan?"

"A gayya na ji shi, Inna, a Kwandiko."

"Ashe makaɗinsa na nan da rai. To taken maigidana ne, Sarkin Noma, Allah ya ji ƙansa. Da shi ake kiransa gona. Tun da ya rasu ba a ƙara buga shi a ƙofar nan ba."

Na san kowane gwarzo da kiɗansa na kirari, amma ban taɓa kawo wa raina cewa na ɗauko na wani ba. Baffan ya miƙe yana cewa ai dama ya faɗa, ni kuma na fara ba da haƙuri ina laluben buhun jitar.

Tsohuwar ta ce wa ɗanta ya zauna, sannan ta juyo gare ni. "Ni ba bugawar ce ta dame ni ba. Gutsure shi ka yi, ka ɗauko kai ka bar ƙafafu. Ana kiran namiji a tsaya a rabi?"

Ta zauna a gefen tabarmata, tana yin kiɗan da baki tana buga sanda a ƙasa. Ina bi ina kuskure, tana cewa, "A'a, koma baya, ba ka ci tuwo ba ne?" Mutane suka fara dariya, ni ma na saki jiki. Da ya zauna a hannuna na buga shi daga farko har ƙarshe, sai ta rangaɗa guɗa. Baffan ya ɗaga hannu yana jinjina wa ubansa, idonsa jawur. Ya kama hannun ango ya ce, "Malam, gobe ma ka zo da baƙon naka." Ban taɓa jin daɗin kiɗa irin na ranar ba.

Abin da na koya shi ne, a ƙasar nan da wuya ka ji kiɗan da ba shi da dangi. Kafin ka ɗauka ka tambayi na wane ne, in kuma an ba ka, ka kira mai shi har ƙarshe.