Ranar da Aka Soke Sunayen 'Yan Ruga

Akwai wata Litinin da har yau ta ƙi fita daga raina, ranar da aka soke sunayen 'yan ruga daga jarrabawar aji uku. Ni ce Lami mai shara. Na daɗe ina share azuzuwa da ofishin shugaba a wata ƙaramar sakandaren gwamnati a gefen Burumburum. Firamare ma ban ƙarasa ba, amma kunnena ras yake, kuma ba wanda ke rage murya don mai tsintsiya. Ku da kuka kama aiki yanzu, ku ji yadda aka yi.

Yaranmu kashi biyu ne. Akwai 'ya'yan manoma na cikin gari, waɗanda daga tsakar gidansu suke jin ƙararrawa. Akwai kuma 'ya'yan makiyaya da ke takowa daga rugagen bayan rafi. Su ba sa baro gida sai an gama tatsar safe, wannan ya riƙe maraƙi, waccan ta riƙe ƙwarya, don haka sai wajen ƙarfe tara suke isowa. Tsohon shugabanmu, Malam Garba, ya san da wannan. In ana tsara jadawali, wato wane darasi za a yi a wane lokaci, sai ya tura lissafi da Turanci bayan an dawo daga hutun cin abinci. Bai taɓa rubuta dalili a takarda ba, kowa dai ya sani.

Da ya yi ritaya aka turo mana Malam Nafi'u daga birni. Makonsa na farko ya juya jadawalin, wai lissafi sai da sanyin safiya, kafin ƙwaƙwalwa ta gaji. Ya kuma ce duk wanda ya wuce ƙarfe takwas a ba shi tsintsiya. Kun ji fa, aikina ne ya zama horo! Kullum ni da 'yan ruga muke shara. A cikinsu akwai Ramatu 'yar Ardo Sale, wadda duk ƙarshen zango sai an kira sunanta a taron safe saboda lissafi. Yarinyar nan sai ta zaɓi share bakin tagar ajinsu, hannu na shara, kunne na wajen allo. Na sha karɓe tsintsiyar in ce, "Tsaya ki ji, 'yar nan, ƙasar ba gudu za ta yi ba."

Ka'ida ita ce, kafin a aika sunayen 'yan aji uku ofishin shiyya don babbar jarrabawa, makaranta takan yi nata gwajin. Wanda bai zauna babbar ba, ba shi ba aji huɗu. Aka sa gwajin ƙarfe takwas daidai, aka ce wanda ya makara kada ya shiga.

Ranar Litinin ɗin malamai suka taru a ofis, ni kuma ina goge tagogi. Shugaba ya ɗaga takarda ya ce, "Ga masu ja mana baya nan, duk 'yan ruga. In muka aika sunansu, makarantarmu ce za ta zo ƙarshe a shiyya. Su jira baɗi."

Malam Isyaku mai koyar da lissafi ya ce, "Yallaɓai, Ramatu fa tana ciki. Ba ni da kamarta."

"Sifili na gani a gaban sunanta, Malam."

Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba sifili suka ci ba, ai ba su ma rubuta ba. Ranar muna tare da su a bayan ajin, shara muke. Tatsa ce ke tsare su. A mayar da lissafi inda yake mana."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, yanzu shanu ne za su tsara mini jadawali? Baba Lami, ga ƙarƙashin tebur can ba ki share ba."

Aka yi dariya. Ba maganarsa ce ta fi ƙona mini rai ba, dariyar ce. Malaman nan 'yan ƙasar nan ne, sun san rugagen, wasunsu da nonon can suke dama fura. Malam Isyaku kaɗai ya sunkuyar da kai. Aka ja jan biro a kan sunayen, kafin azahar takarda ta tafi.

Kwana biyu sai ga Ardo Sale da sandarsa. Ya cire takalmi a ƙofar ofis, ya yi gaisuwa har ƙasa, ya ce, "Malam, ni na bi ruga ruga ina roƙon mutane su kawo yara. Da wane baki zan koma musu?"

Shugaba ya ce, "Doka ce, Ardo. 'Yarka ta maimaita aji, ta kuma riƙa zuwa a kan lokaci."

Ardo ya ce, "Wa zai riƙe maraƙin?"

Ya fito, ya kira Ramatu daga aji, ta ɗauko jakarta. Da suka zo wucewa ta rusuna ta ce, "Inna, sai wata rana." Ba ta sake dawowa ba.

Sakamako ya fito, ya yi kyau, har aka aiko da takardar yabo aka manna a ofis. Da sabuwar shekara ta kama, 'yan ruga suka ragu sosai. Wani jami'i ya zo ƙidayar ɗalibai, ya tambayi dalili. Ina tsaye da tiren ruwa shugaba ya ce, "Ai ka san su, ba sa son boko." Jami'in ya gyaɗa kai ya rubuta. Na dire tiren da ƙarfi har kofi ya kife, na fice.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Na ga an rufe wa mutane ƙofa, sannan an rubuta cewa su ne suka ƙi shiga, waɗanda suka san gaskiya kuma suna zaune sun yi gum. Don haka in an nuna muku sakamako mai kyau, kada ku yi saurin cewa madalla. Ku fara tambaya, su wa aka hana zama?