Takardar Mutuwar Wani Manomin Tama

Har in koma ga Ubangiji ba zan manta da safiyar da gardi biyu, dogaran gwamnati, suka shigo da gawa ɗakin shan magani na Bouza ba. Shekara huɗu ke nan da samun mulkin kai, ni kuma ƙaramin malamin asibiti ne, Kirista ɗaya tilo a wurin.

Ku yaran yanzu ba ku san tsarin ba. Wanda ya mutu a tsare, sai malamin asibiti ya duba shi, ya rubuta dalili da Faransanci, ya sa hannu, kumandan, wato mai mulkin yankin, ya buga hatimi, sannan a ba dangi gawa. Babbanmu ya tafi Tahoua, abin ya faɗo kaina.

Mamacin manomi ne daga Tama, an kama shi wai ya ba da ruwa ga mutanen da gwamnati ke nema. Na ɗaga rigarsa, na ga haƙarƙari uku a karye, bayansa duk shatar bulala.

Kumandan ya kira ni ofis. "Rubuta zazzaɓi," in ji shi.

"Ranka shi daɗe, ba zazzaɓi ba ne."

"Ku Kirista ba an hore ku da bin na gaba ba? To, ni ag gaba."

Gaskiyarsa, haka aka koya mana: mulki daga Allah yake, a girmama mai riƙe da shi. Na laɓe a bayan wannan koyarwa don ta yi mini daɗi. Matata na da tsohon ciki, ina tsoron kora. Na rubuta, na sa hannu.

Kwana uku sai ga yayan mamacin, dattijo, ya tako da ƙafa daga Tama, takardar a ninke cikin hularsa.

"Malam, an ce kai ɗan mishan ne, ba ka ƙarya. Karanta mini, mi ta ce?"

Na ce, "Zazzaɓi, baba."

Ya dube ni, ya ce: "Da hannuna na wanke shi. Zazzaɓin ku na birni har ƙashi shika karyawa?"

Ya ninke takardar, ya tafi. Bai zage ni ba, kuma da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi. Kunyar nan har yau tana cina.

Rabin koyarwar na riƙe, na yar da rabi. Shugaba aron kujera aka ba shi, kuma Mai kujerar bai taɓa ba shi izinin sa ni ƙarya ba. Ku bi na gaba da ku, ku yi masa addu'a, amma in ya miƙo muku alƙalami ku tuna akwai wanda ke gaba da shi. An yi wa kumandan canji kafin kaka, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Sa hannun da ke kan takardar nan kuwa nawa ne.