Inna Mirdza, Mai Masaukin Jemagu

Kowace safiya ta kaka, kafin Inna Mirdza ta sayar da ko faskare ɗaya, sai ta zaga tulin itacenta tana leƙa kowace kafa. Shekara da shekaru haka take a ƙauyenmu na bakin teku a ƙasar Latbiya, inda ƙananan jemagu ke yada zango a hanyarsu ta kudu. Kowannensu bai fi babban yatsa ba, amma sai ya keta ƙasashe yana cafkar sauro a sama. Da rana ya maƙale cikin itace, ya sanyaya jikinsa, zuciya ta rage gudu, don kada ɗan kitsen da ya tara ya ƙone a banza.

Wata shekara sanyi ya yi sammako. Gunars mai gidan burodi, babban mai sayen itacenta, ya iso da mota. Ana fara lodi sai ga jemagu a jere, a sandare, sanyi ƙalau.

"Inna, ai sun mutu! Ko in kai su bakin murhu su farfaɗo?"

"Murhun wa? Ka ɗumama su, su cinye guzurinsu a kwance, gobe su faɗa teku? Sauke min itacena."

"To burodin fa? Da me zan gasa?"

"Ka gasa da gemunka."

Ya tafi yana ƙunƙuni, ya koma saye wurin wani. Gari ya yi ta mata dariya. Ita kuwa ko a jikinta: ƙirare take tsintowa a bakin ruwa, tana kwana cikin riguna uku, har baƙinta suka tashi lafiya.

Ke ce, Inna, mai masaukin da ba a biya, uwar matafiyan da ba su san sunanki ba. Wallahi muna alfahari da ke, mun gode. Jama'a, mai tulin itace ya leƙa kafin ya ɗaga.

Bana gwiwa ta gaza, ta ajiye gatari. Abin da ya dame ta ɗaya ne: ina baƙin za su sauka? Sai ga Gunars, gemu ya yi fari fat, ya tula itace bayan gidan burodi. Wani ya miƙa hannu zai ɗauka, sai Gunars ya daka masa tsawa:

"Kai, sauke! Wannan na baƙin Inna ne."