Ɓarawon Fetur na Ranar Kasuwa

Wata safiyar ranar kasuwar Rogo, a kakar shekarar 1993, ina durƙushe a ƙofar gidanmu da ke Kurugu ina tsince ƙwayoyin gyaɗar da suka zube wajen lodi, sai Baba ya fito da babbar rigarsa mai ruwan toka, ya shiga mota, ya yi bismilla, ya murɗa makulli. Injin ya yi tarinsa na kullum ya tashi. Na ga Baba ya sunkuya ya ƙura wa gaban sitiyari ido, ya ƙwanƙwasa gilashin da ɗan yatsa, ya sake ƙwanƙwasawa. Allurar da ke nuna yawan mai, wadda jiya da magariba take tsaye a rabi, ta kwanta can ƙasa kamar ba a taɓa ɗiga wa tankin komai ba. Ya leƙo ta taga ya dubi yayana Sule, wanda ke share gumi bayan ya gama jera buhunan gyaɗa uku a but ɗin motar, ya ce, "Sule, ina man da na wuni a layi na sayo?" Yaya Sule ya ce shi bai taɓa shi ba. Ni kuwa gyaɗar da ke hannuna ta watse, don ban taɓa jin Baba ya yi wa kowa magana da irin wannan murya ba.

Baba magatakardan dagacinmu ne, mutum ne na takarda da alƙalami, abin da aka rubuta ko aka auna ya fi yarda da shi a kan abin da baki ya faɗa. Motar kuwa gadonta ya yi daga wansa, ta girmi Yaya Sule da shekaru, launinta tsakanin shuɗi da tsatsa. Mu yara Gwaggo muke ce mata, saboda ba ta motsi sai da lallashi. A rumfar langa-langa take kwana, jikin zaure, daf da shagon da Yaya Sule ke kwana, kuma a inuwarta muke yin carafke ni da ƙawayena idan mun dawo daga makarantar allo. Aikina a kanta guda ɗaya ne, kuma ba na yarda kowa ya taya ni: duk ranar da aka dawo daga kasuwa ni nake share but, gyaɗar da na tara tawa ce, in soya a kaskon Inna in tafi da ita makaranta ina yanga. A shekarar nan fetur ya yi wuya ƙwarai. Baba kan tafi gidan mai tun da hantsi, ba ya dawowa sai bayan la'asar, wani lokacin ma hannu rabbana. Don haka duk ɗigon da ke tankin Gwaggo, da gumin Baba a cikinsa.

Abin bai tsaya a wannan rana ba, ya sake faruwa a kasuwa ta biyu da ta uku. Kullum da yamma allura tana sama, da safe bayan lodi ta kwanta. Baba ya ja motar a haka, yana fargabar mai ya ƙare a hanya, har Rogo. 'Yan dako su sauke kaya yana can yana gaisawa da mutane, sannan ya sayi galan biyu wajen wani ɗan bumburutu a bakin tasha, ya tada mota, allura ta miƙe har ta wuce rabi. Ya dawo gida yana yabon mutumin, wai galan ɗinsa akwai albarka. Yanzu idan na tuna dariya takan kama ni, amma a lokacin babu mai dariya a gidanmu. Yaya Sule yana da aboki mai achaba, wanda ranar kasuwa ce ranar samunsa, kuma an taɓa jin warin fetur a rigar Yaya. Baba ya haɗa wannan da wancan, ya ce ruwa ba ya tsami banza.

Yaya Sule ya rantse, ya roƙi a kai motar a duba. Baba ya yarda, don shi ma a ransa yana so a ce allurar ce. Ka san ba a kai wa bakanike mota da datti, abin kunya ne, saboda haka ni na share but tas, aka wanke ta ciki da waje, aka kai ta Karaye wayam. Bakaniken ya tsiyaye man, allura ta sauka, ya mayar, ta hau. Ya ce wa Baba lafiyarta ƙalau, ko sabuwa sai haka. Daga ranar Baba bai sake ɗaga maganar ba, bai yi faɗa ba, bai yi duka ba, kuma da ma dukan ya yi da ya fi sauƙi. Yaya Sule ya durƙusa da safe ya ce, "Baba, ina kwana," Baba ya ce "Lafiya" yana kallon bango. Ya daina kiransa cin tuwo a zaure, ya karɓe makullin rumfa daga hannunsa. Sati guda Yaya ya jure, sannan ya ɗaure kayansa ya tafi Rogo Ruma wajen kawunmu, wan Inna, da sunan taya shi cirar gyaɗa. Da zai fita ya gaya wa Inna cewa da an gama aikin gonar Kawu zai bi motar shanu zuwa kurmi, can kudu, ba zai zauna inda ake masa kallon ɓarawo ba. Inna ta ci gaba da murza tunkuza, hawaye na sauka a bayan hannunta.

Ina da shekara goma sha ɗaya, kuma tun ina ƙarama an san ni da taurin kai, Inna takan ce ko akuyar gidan ta fi ni jin magana. Yaya Sule shi ya koya mini karatun agogo, shi yake goya ni a keke idan rafi ya kawo, kuma na san mutumin da ke mayar wa mai shago canjin da ya yi masa yawa ba zai tsotsi tankin ubansa ba. Na ƙudura a raina sai na kama ɓarawon nan kafin gyaɗar Kawu ta ƙare. Dabarar a ɗakin Inna na samo ta. Ita man gyaɗa take yi na sayarwa, kuma ba ta da wata allura, kara take tsomawa a garwa ta ga inda mai ya tsaya. Na samo reshen darbejiya siriri mai lanƙwasa, na fere shi. Ranar jajiberin kasuwa, da na je rufe kaji a akurkin da ke bayan rumfa, na raɓa ta ƙasan langa-langa na shiga, na murɗe murfin tanki, na zura reshen har ya taɓa ƙasa, na zaro, na ɗaura zare a inda jiƙar ta tsaya. Na wanke hannu da toka har sau uku, amma duk da haka ƙulin da na jera a faranti ya ɗauki wari, na sha rankwashi biyu masu kyau ban faɗi dalili ba.

Da gari ya waye, bayan samarin maƙwabta sun yi lodi, na sake tsoma reshen. Jiƙar ta tsaya daidai kan zaren, ko ƙwayar gero ba ta ragu ba. Baba ya fito ya tada mota, allura ta kwanta kamar kullum. Ya girgiza kai ya ce, "Ya tafi, amma ya nuna wa abokansa hanya." Na durƙusa a gefen taga na miƙa masa reshen, na yi bayani da sauri har harshena na sarƙewa. Ya saurare ni, ya dubi reshen, ya ce, "Asabe, abin da aka ƙera a masana'anta, bakanike ya gwada ya tabbatar, shi za ki ƙaryata da tsinke? Je ki makaranta." Ya ja motarsa ya tafi. Na yi kuka a hanyar makaranta, na takaici ba na tsoro ba, kuma ranar ban ji ko kalma ɗaya daga bakin malamin lissafi ba.

Kwana shida na yi ina juya abin a kaina, ina ɗiban ruwa ina tunani, ina ɓarar gyaɗa ina tunani, har a dandali ƙawayena suka cire ni daga gaɗa don ina ɓata musu amshi. Man yana nan, wannan na tabbatar. To me ya sa allurar ke faɗin gaskiya ranar Juma'a, da ranar da Baba ke kai takardu wajen hakimi, da ranar da aka je wajen bakanike, sai ranar kasuwa kaɗai take ƙarya? Ranar jajiberin kasuwa ina share but saboda lodin gobe, gwiwata ta danna wani wuri a ƙarƙashin shimfiɗar roba, ya lotsa ya dawo. Na daɗe da sanin wurin, kullum ina kauce masa. A nan na tsaya da tsintsiya a hannu. Ranar kasuwa kaɗai Gwaggo ke ɗaukar buhu. Kuma Baba, da yake maigida ne, ba ya fitowa sai an gama lodi an ce masa bismilla, bai taɓa ganin allurar tana faɗuwa ba, kwance yake tarar da ita.

Na san idan na sake tunkarar Baba kora ta zai yi, sai na bi ta inda ba ya iya musu. Na je ɗakin Iya, mahaifiyarsa, na tsefe mata kai, na sosa mata baya, na zayyane mata komai. Ta ce, "Ke 'yar nema, yaushe kika zama bakanike?" Na ce ita dai ta taimaka. Labari ya riga ya zo cewa saura kwana biyu a gama gonar Kawu. Ranar kasuwa da sassafe Iya ta dogara sandarta ta fito har ƙofar gida, abin da ta shekara ba ta yi ba, ta aika a kira Baba. Ta ce, "Malam, yau ka fara tada motar, ka zauna a ciki, sannan a yi lodin. Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya." Baba ya ce, "To, Iya," ya shiga ya tada, allura ta tsaya sama da rabi. Aka sa buhu na farko, ba ta motsa ba. Na ƙura mata ido. Aka sa na biyu, ta yi ɗan rawa. Da na uku ya sauka a tsakiya, ta faɗi ƙasa gaba ɗaya. Baba ya ce a cire. Aka cire, ta tashi. Ya ce a mayar, ta kwanta. Sau huɗu ya sa aka yi haka, samarin suna haki.

Ya fito ya tuɓe babbar riga, ya ɗage shimfiɗar robar da hannunsa. Ƙarfen ƙasan but ɗin tsatsa ta cinye shi ya yi laushi, kuma daidai ƙarƙashinsa wayar da ke tasowa daga tanki zuwa allura take, bawonta ya goge, jan ƙarfen ya fito. Idan nauyi ya danna, ƙarfe ya taɓa waya, allura ta rikice. Gyaran da aka yi daga baya bai wuce naɗa robar tayar keke da shimfiɗa katako ba. Amma ranar Baba bai tsaya gyara ba. Ya ce a sauke buhunan duka, kasuwa ta ci ba da shi ba. Ya dube ni ya ce, "Shiga."

A gona muka sami Yaya Sule, ya sunkuya yana kaɗe ƙasa daga saiwar gyaɗa, Kawu da 'yan ƙwadago suna gefe. Da ya hango mu ya miƙe zai zo ya durƙusa, Baba ya riga shi. A gaban kowa, a tsakiyar kunyar gyaɗa, mahaifinmu ya tsuguna ya ce, "Sannu da aiki, Sule. Na zalunce ka. Ka yafe mini tun muna duniya." Yaya ya zube ƙasa ya riƙe ƙafafunsa yana cewa, "Baba tashi, don Allah Baba tashi," yana kuka kamar ƙaramin yaro. Kawu ya juya baya yana gyara hularsa. Ni ma na yi kuka, amma ba zan ɓoye ba, har da daɗin cewa ni ce na yi gaskiya.

Yau motoci sun cika hanyar Rogo, kuma idan ɗaya ta samu matsala na'ura ake jona mata ta faɗi ciwonta cikin minti kaɗan. Baba ya rasu, Iya ta riga shi da daɗewa, inda rumfar take an yi shaguna. Yaya Sule bai taɓa zuwa kurmi ba, a gidan ya zauna, shi ya yi jinyar Baba, kuma shi ya karɓe shi a cikin kabari. Na girma na ga masu mulki da masu ilimi iri-iri, na ga yadda kuskure kan fito fili a yi ta kewaye-kewaye har maganar ta mutu. Nakan yi kewar wancan zamani, ba don ya fi sauƙi ba, sai don na taɓa ganin babban mutum ya tsuguna a gaban ɗan cikinsa. Ban sake ganin Baba da tsawo kamar ranar ba.