Shekara Uku da Na Rage wa Ɗana

Ɗana na biyu ya kai shekara tara yana bin awaki a Bazaga kafin tunanin sa shi lakwal, makarantar boko, ya zo mini. Da na kai shi, aka ce ya wuce lokacin shiga. Sai na yi abin da na ga wasu na yi. Na ɗauki dattijai biyu na majalisarmu muka tafi Kwanni, suka shaida wa mai rubuta takardar haihuwa cewa yaron shekararsa shida. Yaro na tsaye, kansa ya kusa kafaɗata. Muka dawo gida muna yaba wa kanmu wayo.

Bayan shekara goma ya bar karatu, yana gyaran waya a kasuwar Kwanni. Can ya haɗu da samari huɗu, suka kafa ƙungiyar wasan yaƙi a waya. Biyar ke karawa da biyar, kuma ɗan nawa ke faɗa musu inda kowa zai tsaya. Har yau ban ga abin burgewa ba a ƙato ya duƙa yana murza gilashi da babban yatsa. Amma sun doke na Tawa, sun doke na Yamai, aka ce su tafi wata ƙasa su fafata. Wanda ya yi nasara can zai shiga gasar duniya.

Ka'idar masu gasar ita ce, wanda bai cika sha takwas ba sai ubansa ya sa hannu. Ɗan nawa ya hau taksi ya iske ni a majalisa bayan la'asar, ya durƙusa, ya miƙo takarda.

"Baba, hannu kawai za ka sa. Takardata ta ce sha shida nike."

"Sha shida da wanga gemu?" in ji maƙwabcina, majalisa ta fashe da dariya. Shi ne fa ɗaya daga cikin shaidun nan biyu. Tsoho mai furfura, ya manta da bakinsa aka yi aikin.

Dariyar ta yi mini daɗi, sai na ɗora. "Wake na gona ba a yi roro ba, kai kana shirin yaƙi. Ina takobinka, sarkin yaƙi? Ko caji ya ƙare?"

Ya jira har aka gama dariya. Sannan ya ce a hankali, "Baba, shekarata sha tara. Kai ka sani. Ba ni na rage ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaban mutane, shi ya sa na hasala. Na ninke takardar na tura aljihu, na ce ya tashi ya ba ni wuri. Uwarsa ta roƙe ni kwana uku. Na riƙe takardar har ranar rufe rajista ta wuce, ina jin kaina uba mai iko. Ikon nan kuwa ba nawa ba ne. Ƙaryar da na yi ce ta ba ni shi.

Abokansa suka ɗauki wani saurayi ɗan Illela suka tafi. Yadda suka ƙare ban tambaya ba, dattijan majalisa kuma sun koma gardamar kokowa, wadda su a wurinsu aikin hankali ce.

Da damina ta zagayo na ji an sake buɗe rajista. Na shiga Kwanni ranar kasuwa, na sami ɗan nawa a rumfarsa ya sunkuya kan wayar wani. Na fiddo tsohuwar takardar, duk ta yi laushi.

"Kawo biro in sa maka."

Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya aika a kawo mini ruwa.

"Sun cika biyar, Baba," ya ce. "Babu inda za ka sa."