Ganuwa a Bayan Murhu

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya ɗauke ranar da na zaga da wani dattijo cikin garin Bauchi. A lokacin ina tuƙin keke napep a Gwallaga, kuma rabin aikina jigilar kaya ne na wani ɗan kudu mai shagon fenti da ƙusoshi, wanda kowa ke kira Oga. Wata safiyar Asabar ya kira ni, na same shi tsaye da wani tsoho siriri mai sanda da tabarau mai kaurin gaske.

"Wannan babana ne," in ji Oga da Hausarsa ta kasuwa. "A nan aka haife ta. Tana so ya ga gari, gobe zai koma."

Sai ya ja ni gefe ya rage murya. Ido ɗaya na tsohon ya riga ya mutu, ɗayan kuma likita ya ce 'yan watanni suka rage masa. Abu guda ya roƙa a yi masa: a kawo shi Bauchi ya ga ganuwar Ƙofar Wambai, wadda yake hawa yana yaro lokacin da uwarsa ke sayar da manja a gindinta. Oga na jiran motar kaya, ba zai iya barin shago ba. Ya tambaye ni ko na san wurin. Na bugi ƙirji na ce a garin nan aka yanke mini cibiya, ba lungun da ban sani ba. Gaskiyar magana kuwa, ƙofofin nan ni a wurina sunayen wuraren sauke fasinja ne kawai. Ban taɓa sa ganuwa a ido ba, ban kuma taɓa tambayar inda take ba.

Tun daga gaisuwa Baba ya fara ba ni kunya. Hausarsa tsaf, irin ta kakanninmu, babu Turanci ko ɗaya a ciki, alhali ni kowace jimla sai na tsoma. Muka fara da cocin da aka yi masa baftisma. Ashe tsohon ginin dutse ne ƙarami, ya ɓuya a bayan wani sabo katafare, an mai da shi ma'ajiyar kujeru. Ni da ban taɓa taka harabar coci ba na tsaya a bakin ƙofa ina susar ƙeya, har mai gadin ya ɗauko mini benci ya ajiye a inuwar dogonyaro. Baba ya daɗe a ciki. Da ya fito yana goge tabarau, ya ce komai ya canza sai ƙararrawa, ita kam tana nan inda ya bar ta.

Daga nan muka bi ta filin ƙofar fada, ya sa na tsaya ya ƙare wa masallaci kallo da idonsa ɗaya, yana karkata kai kamar mai sa zare a allura. Muka ci masa mai zafi a bakin hanya, yana nuna mini inda aka taɓa yin jima da inda ake ɗaure jakuna. Ni kuwa sai gyaɗa kai nake ina cewa, "Haka ne, Baba," kamar da ni aka yi.

Da muka iso Ƙofar Wambai na duba dama da hagu. Shaguna ne da gidaje manne da juna, babu wani abu mai kama da ganuwa. Na zaga sau uku. Ga mutane zaune ko'ina, amma girman kai ya hana ni buɗe baki. A ganina abin kunya ne ɗan gari ya tsaya tambayar hanya a gaban baƙo daga kudu. Can na hango wani rusasshen bangon ƙasa a bayan garejin masu gyaran babur, sai shaiɗan ya raya mini cewa ai tsohon ba ya gani sosai. Na taka birki na ce, "Baba, ga ta nan."

Ya sauko a hankali, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa bangon, ya shafa shi sama da ƙasa.

"Ɗana," ya ce, "wannan bulon ƙasa ne da aka buga a akwati. Ganuwa da tubali aka gina ta, wanda aka mulmula da hannu." Bai yi fushi ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya juya ya ce, "Ba komai, mu koma. Ta riga idona tafiya ke nan."

Ina riƙe da hannunsa zan mai da shi cikin keke, sai wani mai wankin hula da ke zaune a rumfarsa ya ɗaga murya: "Kai mai keke, me kuke lalube a bangon garejin mutane?" A nan na sauke girman kan, na faɗa masa komai. Ya tambaye ni ɗan wane gida ne, na faɗa, ya riƙe baki. Ya ce an daɗe da kwashe ganuwa ana gini da ƙasarta, amma akwai guntu guda da ya tsira, kuma a cikin gidansu yake, domin kakansa ya jingina gininsa da ita. Ta waje ba a ganinta, maƙwabta sun toshe.

Muka bi shi da murna, amma da isarmu zaure na ga an rubuta "Ba shiga" a saman ƙofar ciki. Shi ma mai hular ya tsaya yana jan gemu. Gida ne mai matan aure, ko abokansa na ƙuruciya a zauren nan suke tsayawa, balle baƙon da bai san daga inda ya fito ba. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya kawo ruwa, ya ce zai yi magana da tsohuwarsa. Baba ya zauna yana juya sandarsa, ni kuwa duk addu'ar da na iya sai da na karanto ta a zuci.

Sai muka ji muryar tsohuwar daga ciki, mai ƙarfi irin ta wanda kunnensa ya yi nauyi. "Ya ce ya hau bangon nan yana yaro? To ai ɗan unguwa ne! Matan gida, ku shiga ɗaki, ku ba shi hanya." Sai ta ƙara da cewa, "Shi ma wancan da bai san garin ubansa ba a shigo da shi ya gani, ya daina yi wa baƙi ƙarya."

Kaina a ƙasa na bi su. Ga ganuwar nan a bayan murhu, ja, mai kauri, ta zarce rufin gidan, hayaƙin girki ya baƙanta ƙasanta, ciyawa ta tsiro a kanta, an rataye mata rariya da ludayi. Baba ya jingine sandarsa. Ya dafa ta da hannu biyu, ya bi ta da idonsa tun daga gindi har sama, sannu a hankali. A wani wuri da yaɓen ya zube yatsunsa suka sami tubalin, ya kira ni, ya ɗora hannuna a kai, na ji shatin yatsun wanda ya mulmula shi. Hawaye na bin fuskarsa bai damu ya share ba. Ya ce, "Na gani. Na gode wa Allah, na gani."

Tsohuwar ba ta tuna uwar Baba ba, kuma ba ta yi masa ƙaryar ta tuna ba. Ta dai ce an yi masu manja a ƙofar nan, mutanen kirki ne. Da farin gashinsa Baba ya durƙusa ya yi mata godiya.

Bayan kamar wata huɗu Oga ya gaya mini ɗayan idon Baba ma ya rufe. Ranar na ajiye keke a gefen titi na daɗe a zaune. Saura ƙiris in tura bawan Allah cikin duhu da bangon gareji a matsayin abin da zai riƙa tunawa, don kawai kada a ce ban sani ba. Mai wankin hula da uwarsa ne suka fitar da ni, kuma har gobe ina yi musu addu'a. Tun daga ranar, duk wanda ya ba ni amanar kai shi inda ban sani ba, sai in dube shi in ce, "Wallahi ban san wurin ba, amma hau mu tambaya."